Baba Nicanor da Tabar Kawu

Ranar Litinin goma ga watan Maris, ranar da aka koma aiki bayan hutun bikin Karnabal, Allah ya karɓi ran Don Nicanor Tarqui, shugaban ayarin mahaƙa na ramin gabas, uban aurena, wanda duk mutanen dutsen nan ke kira Baba Nicanor. Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa kowa ya dosa. Ya rasu da hantsi, a ƙarƙashin ƙasa, a irin wurin da ya yi shekaru yana hana mutane tsayawa.

Ina bakin ramin a lokacin. A nan nake sayar wa mahaƙa kunun jar masara da fanke kowace safiya, idan sun shige kuma sai in jawo ɗan littafina in karanta kafin su fito. Na kai daidai inda yarinyar labarin take tsaye a tashar jirgi tana jiran wanda ba ta san ko zai zo ba, sai na ga Grover, mataimakin Baba Nicanor, ya fito a guje babu hular kwano a kansa, yana kiran a tada injin iska. Mijina Limbert aka fara fitowa da shi, leɓɓansa sun yi shuɗi, amma yana numfashi. An daɗe kafin a fito da na biyu. Da aka kwantar da shi kusa da tukunyata, wani ya cire bargonsa ya rufe masa fuska, sai na gane takalman, domin ni na raka matarsa kasuwa ranar da ta saya masa su.

Baba, tun daga wannan rana ban san yadda zan tsara maganata a kanka ba. A littattafan da nake karantawa, mutum ba ya shan wahalar gane wanda zai gode wa da wanda zai yi fushi da shi. Ni kuwa duka biyun sun haɗu a kanka, kuma ba ka nan balle in tambaye ka.

Bari in fara da abin da ba ni da shakka a kansa. Kai ka tsaya mana a coci ranar aurenmu, da wata baƙar kwat da ta yi maka kaɗan a kafaɗa. Ni marainiya ce daga kwari, ban san kowa a kan dutsen nan ba, sanyi yana fasa mini leɓe, numfashi yana yi mini wuya. Kai ka ce wa Doña Benedicta, matarka, ta riƙe ni kamar 'yar da ta haifa, kuma ta riƙe. Duk lokacin da ka sauka birnin Potosi sayar da kuza, sai ka dawo mini da ɗan littafi daga masu baza tsofaffi a bakin kasuwa. Ba ka iya karatu sosai ba, da hoton bango kake zaɓa. Idan ka zo shan kunu sai ka tambaye ni inda aka kwana, ko attajirin ya gane cewa yarinyar ba ita ta saci sarƙar ba. Wata rana na ba ka labarin har ƙarshe, kana tauna ganyen koka, wanda mahaƙa ke kashe yunwa da gajiya da shi, sannan ka ce, "To shi wannan kyakkyawan naki, 'yata, ya taɓa riƙe shebur kuwa? Kawo shi nan in gani, kafin azahar zai manta sunan budurwar." Mahaƙa suka yi ta dariya, ni ma na yi, ko da yake na ɗan ji haushi don ina son mutumin.

A wajen aiki ba ka da wasa. Kowa ya san ba a shiga ramin gabas sai an bi ta gabanka. Wanda ya kwana yana sha, sai ka sa ya huro maka numfashi, in ka ji warin barasa ka ce ya koma gida ya taya matarsa ɓare wake. Ka taɓa mayar da Limbert gida saboda igiyar hularsa ta tsinke, ya dawo yana huci yana cewa tsohon nan ya ɗauke shi jariri. Kai kake shiga gaba da sandar ƙarfe kana ƙwanƙwasa rufin rami, kana saurare, in dutse ya amsa da muryar da ba ka so, babu mai wucewa sai an kafa itace. In an kunna nakiya, kai ne na ƙarshen fita. Matan ayarinka mun fi sauran matan dutsen nan barci, kuma sauran sun sani. Da aka so a naɗa ka shugaban ƙungiyar mahaƙa gaba ɗaya ka ƙi, ka ce wanda ke zaune a ofis ba ya jin ƙarar rufi.

Kana da doka guda da kake maimaitawa har ta zama abin tsokana. In mutum ya faɗi a lungun da iska ta lalace, kada kowa ya bi shi sai an jawo tiyon iska, ko da ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kana cewa mugunyar iska ba ta gajiya, duk wanda aka aika mata za ta karɓa. Samari suna kwaikwayon muryarka in ka juya baya. Amma suna bi.

Sai kuma maganar Kawu. Ni ban taɓa ganinsa ba, tunda mace ba ta shiga rami, amma na san shi kamar maƙwabci. Gunki ne da ke zaune a lungunsa can ciki, an gina shi da yumɓu, da ƙaho da buɗaɗɗen baki, kuma duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa nasa ne. A waje muna zuwa coci, a ciki kuwa sai an gaishe shi. Ana zuba masa barasa, a ajiye masa koka, a kunna taba a sa masa a baki. Kowane ayari yana yin haka. Abin da ya bambanta naka shi ne, kai ba ka barin a wuce sai ka ga yadda tabar ta ci. In ta ci har ƙarshe, a shiga aiki. In ashana ta ƙi kamawa, ko tabar ta mutu a bakinsa, sai ka miƙe ka ce, "Yau Kawu ba ya son baƙi. Kowa ya ɗauki kayansa."

An sha yin rigima da kai a kan wannan. Akwai ranar da aka tarar da jijiyar kuza mai kauri, kowa ya riga ya fara lissafin abin da zai saya wa iyalinsa, tabar ta mutu, ka kore su duka. Grover ya ce maka a gaban mutane, in Kawu ba ya son baƙi ai shi ba baƙo ba ne, a ramin nan haƙoransa suka zube. Ba ka kula shi ba. Da yamma aka ciro mutane a sume daga ramin da ke maƙwabtaka da naku. Daga ranar aka ce Kawu yana magana da kai. Har daga wasu ramukan ana zuwa a roƙe ka ka kunna musu taba, wai hannunka yana da sa'a. Ni kaina na yarda da haka, kuma ya yi mini daɗi, domin ya yi kama da abin da ake rubutawa a littafi: tsoho mai sirri da ke jin maganar ƙasa.

Ga abin da ya faru ranar Litinin, yadda Limbert ya gaya mini da ya farfaɗo. Ramin ya yi kwanaki a rufe saboda biki, injin iska a kashe. An ce duk wanda ya fara gaida Kawu bayan Karnabal, shekarar tasa ce. Ina da ciki, kuma Limbert yana son ya yi mana ɗaki na biyu kafin in haihu. Saboda haka ya riga kowa zuwa, ya lallaɓa ya shige kafin ka iso. Ya durƙusa gaban Kawu, ya ƙyasta ashana, ta mutu. Ya sake, da ƙyar tabar ta kama, ya sa masa a baki, ta mutu. Ya san abin da kake yi in haka ta faru. Amma ya ce a ransa, Baba Nicanor yana fita ne don shi da Kawu sun saba, in yau an ƙi shi gobe za a karɓe shi. Shi kuwa yaro ne mai neman shiga, kuma mahaifinsa, wanda ya yi haƙa a wani dutsen, ya koya masa cewa ba a juya wa Kawu baya yana fushi, lallashinsa ake yi. Sai ya ƙara zuba barasa, ya ƙara sunkuyawa, ya ci gaba da ƙyasta ashana yana ba shi haƙuri. Abin da ya tuna na ƙarshe shi ne kansa ya yi nauyi, kuma ya ɗauka alamar Kawu ya fara saurarensa ce.

Sauran kuwa daga bakin 'yan ayarinka na ji. Da kuka iso kuka hango fitilarsa a ƙasa, ka tura Grover ya tada inji. Sauran suka tsaya inda ka koya musu su tsaya. Kai kuwa ka ɗauki igiya ka shiga, da ƙirjin nan naka da ƙurar dutse ta riga ta cinye rabinsa. Ka ɗaura masa a ƙugu, ka ja sau ɗaya don su jawo shi. Suka jawo. Suka jira ka biyo baya, ba ka biyo ba. Kuma babu wanda ya bi ka sai da tiyo ya iso, domin kai ka hana.

To, Baba, me zan ce? Da ka bi dokarka, da yau ni ke sanye da baƙin kayan takaba. Da su sun karya ta, wataƙila da kana raye, wataƙila kuma da gawa ta fi ɗaya. Nakan kwanta in juya abin ta kowace fuska, ba ya zama. Ina kallon Limbert yana cin abinci, in ji daɗi, sai in tuna Doña Benedicta tana zuba kwano ɗaya, in ture nawa gefe.

Da a nan maganar ta tsaya, da na iya ɗauka. Amma ranar da muka je wanke kayanka a rafi, kamar yadda ake yi wa mamaci, ni da Doña Benedicta muka ware gefe da bargunanka. Ina ta ba ta haƙuri, ina cewa ban san abin da Limbert ya yi wa Kawu ba har ya fusata haka. Ta daina cuɗa bargon, ta dube ni, ta ce, "Wane Kawu, 'yar nan? Iska ce. Inda wuta ba ta ci, mutum ba ya numfashi. Abin da yake dubawa ke nan duk shekarun nan."

Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce kana saurayi, kuna aiki tare da yayanka, ka lura ashana tana mutuwa, ka ce wa mutane iskar wurin ba ta da kyau, a fita. Suka yi maka dariya, suka ce a samo maka zani da tukunya. Yayanka ya ji kunya a madadinka, ya tsaya don ya nuna gidanku ba matsorata ba ne, kuma a nan ya mutu. Ta ce daga ranar ka gane cewa namijin dutsen nan ba zai taɓa yarda a ce yana tsoron iska ba, amma babu wanda ke jin kunyar tsoron Kawu. Sai ka ɗauki maganar ka sa a bakinsa. Na tambaye ta ko ka yarda da Kawu ma kuwa. Ta ce ita ma ba ta sani ba, wani lokacin kana yi masa magana kamar aboki, wani lokacin ka ce yumɓu ne. Sannan ta riƙe hannuna, nata ya yi sanyi da ruwa, ta roƙe ni kada in gaya wa kowa. Ta ce in maza suka ji, za su ce ka yi shekaru kana wasa da Kawu, shi ya sa ya cinye ka, kuma sunan da ka bari zai lalace a bakin 'yan giya. Ba ta da abin da ya rage mata sai wannan sunan.

Tun daga rafin nan kaina bai sake daidaita ba. Dabararka ta raya mutane da yawa, wannan ba abin musu ba ne, akwai yara a makaranta yau da suke da uba saboda ita. Amma dabarar tana aiki ne in kana tsaye a wurin. Ranar da wani ya riga ka isa, sai ya ga alamar ya karanta ta a juye. Limbert bai raina ka ba, Baba. Yarda ya yi da abin da ka nuna masa, ya ɗauka magana ce tsakaninsa da mai fushi, alhali magana ce tsakaninsa da huhunsa. Da ka taɓa jan sa gefe ka gaya masa gaskiya, shi kaɗai, a matsayinka na uban aurensa, da ya fita tun ashanar farko? Ko da shi ma ya yi maka dariya kamar waɗancan? Na san mijina, yana da girman kai irin na samari, kuma ba zan iya rantsewa ba. Wataƙila ka fi ni saninsu. Wataƙila kuma ka daɗe da riƙe tsoron ranar da yayanka ya mutu, har ba ka lura cewa waɗannan samarin suna jin maganarka fiye da yadda kake zato ba. Mutanen da suka tsaya a bakin lungu suna kuka, ba su bi ka ba don ka hana, anya za su ƙi yarda in ka ce musu iska ce?

Ban san ko shugaba nagari shi ne wanda ke kai mutanensa gida ta kowace hanya ba, ko kuwa wanda ke koya musu hanyar don su iya komawa in ba ya nan. Da ina ganin abu ɗaya ne. Na buɗe littattafan da ka saya mini, ba don neman amsa ba, don dai in huta, sai na ga ba na iya wuce shafi guda.

Abin da ya hana ni yin shiru in bar wa zuciyata wannan ruɗani shi ne abin da nake ji a ɗakina. Jiya Grover ya zo duba Limbert, tare da wasu daga ayarin. Yanzu shi ne shugaba. Suka zauna suna tauna koka, ina dafa musu shayi, ina jin su. Sun gama shawara cewa Kawu yunwa yake ji, za a yanka masa farar lama, dabbar nan mai kama da ƙaramin raƙumi, a shafa jinin a bakin rami. Wannan ba komai, an saba. Amma sai Grover ya ce kuskuren da aka yi ta yi shi ne gudu, tsohon yana da hanyarsa da Kawu, su ba su da ita, saboda haka daga yau in taba ta mutu, ayari duka zai zauna gabansa har sai ya karɓa. Limbert ya gyaɗa kai. Ya ce shi zai fara kunnawa ranar Litinin, tunda shi ya jawo fushin, kuma ba zai tashi ba sai an yafe masa. Ɗaya daga cikinsu ya tsokane shi ya ce wannan karon ya tafi da ashana ta kirki, ba irin ta kantin unguwarsu ba. Suka yi dariya. Ni na tsaya da buta a hannu, ina kallon mazan da ka raya suna shirin zama a inda ka mutu.

Kafin su tafi Grover ya juyo ya ce, "Ke matar Limbert, tunda ke ce mai littattafai, ki rubuta mana wani abu a kan tsohon, a karanta a taron ƙungiya ranar Asabar. Mai daɗi fa, irin wanda zai sa mata kuka." Abin da nake rubutawa ke nan. Na so ya zama mai daɗi. Na so in tsaya a kan kwat ɗinka da littattafai da igiya, in bar ka yadda suke son tuna ka. Na san in na faɗi sauran, Limbert zai gane cewa ba fushin kowa ba ne, cewa da ya miƙe ya fita kawai da kana raye, kuma ban san yadda zai ɗauki wannan nauyin ba, ko yadda zai dube ni bayan na ɗora masa shi a gaban abokansa. Na san kuma wasu za su ce mace ce, ba ta taɓa shiga rami ba, me ta sani.

Allah ya jiƙanka, Baba Nicanor. Allah ya gafarta maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, ya sa duhun da ka yi rayuwarka a ciki ya zame maka haske, ya ba ka numfashi mai sauƙi a inda babu ƙura. Ya saka maka da alherin kowane mutum da ka mayar gida da ƙafafunsa. In akwai kuskure a abin da ka ɓoye, Allah ya dubi dalilinka, domin ba don kanka ka ɓoye ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka mata, Eulalia da Prima, da jikokinka, da ayarin ramin gabas, da dukan ƙungiyar mahaƙa. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare masu shiga, ya fito da su.

Ke kuma Inna Benedicta, ke da kika riƙe ni lokacin da ba ni da kowa, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya tsaya miki a inda mijinki yake tsayawa. Kin roƙe ni abu ɗaya tak tun da kika san ni, kuma shi ne ba zan iya yi miki ba. In kin daina amsa gaisuwata ba zan ga laifinki ba. Ki yafe mini.

Yau in Limbert ya gama cin abinci zan zaunar da shi in gaya masa, don kada ya fara ji a cikin taro. Ranar Asabar kuma zan tashi a gaban ƙungiya in karanta wannan takarda da bakina, ba zan cire ko layi ɗaya ba.

Delicia Ayaviri, matar Limbert